Ɗigon da Baba Ya Liƙe

Har yau, duk banɗakin da na shiga a garin nan, sama nake fara kallo. Ba na duba famfo, ba na duba magudana, sai na ɗaga kai na ga sahhan tukuna. Sahhan shi ne farin tulun ƙarfen nan da ake ratayawa a bango kusa da rufi, mai dafa ruwan wanka da lantarki. A gindinsa akwai wani ɗan bawul mai ƙaramin baki, wanda yake ɗiga idan ruwan ya yi zafi. In na ga yana ɗiga, hankalina ya kwanta. In na ga bakin a bushe ƙayau alhali wuta tana kunne, sai in ɗage ƙafa in leƙa ko wani ya cusa masa wani abu.

Ni mutumin Maradi ne. Aikin famfo ya kawo ni Riyad, shi ya kuma riƙe ni, irinmu Larabawa ke ce wa sabbak. Wani ƙaramin kamfani mai gyare-gyare a gidajen haya nake yi wa aiki, yau unguwar Malaz, gobe ta Shifa, duk inda mota ta sauke mu. A lokacin da nake ba da labari, a unguwar Al-Ud nake kwana, cikin wani tsohon bene da fentinsa ya gama kwarewa. Ɗakinmu yana ƙasa, mu uku: ni, da wani direban babbar mota wanda ba ya zaman gida, da kuma Baba.

Baba ba mahaifina ba ne, kowa haka yake kiransa. Dattijo ne siriri mai farin gemu, mutumin wani ƙauye a arewacin Damagaram. Shara da dafa shayi yake yi a wani sito na 'yan kasuwa a unguwar Batha, ya daɗe ƙwarai a ƙasar nan, tun ina yaro ya zo. Kafin ya zo, sana'arsa liƙi ce. Yana bin kasuwannin ƙauye da ɗan murhunsa da guntayen roba da ƙarfe, yana liƙe bokiti, da jarka, da kwano, da duk wani abu mai yoyo. Idan yana ba da labarin liƙi har muryarsa takan sake. Yakan ce akwai jarkar da ya liƙe wa wata mata tun tana amarya, har ta yi jikoki tana ɗiban ruwa da ita.

Ban taɓa ganin mutum mai tsaron ruwa kamarsa ba. Alwalarsa ba ta cinye rabin buta. Ruwan da ya wanke kofunan shayi da shi, shi zai goge ƙasa da shi. Idan na buɗe famfo ina goge baki na bar shi yana zuba, sai kawai in ga hannu ya wuce ta gefen kunnena ya murɗe shi.

"Ku mutanen Maradi da kuka tashi a bakin gulbi, ina kuka san ruwa?" in ji shi. "Mu da rani sai mace ta fita tun duhu-duhu, ba ta dawo ba sai rana ta take, da tulu ɗaya, shi ma ja wur. Ka taɓa ganin yaro yana kuka don ƙishi, uwarsa tana rarrashinsa da jiƙaƙƙen tsumma?"

In ce masa, "Baba, nan fa ba Damagaram ba ce."

Ya ce, "Ruwa dai ruwa ne, ɗana."

Abu ɗaya Baba yake so a duniya, kuma duk wanda ya zauna da shi ya sani: ya koma gida da ƙafafunsa, ya mutu a can. Daga bakin ƙofar benenmu ana hango katangar maƙabartar Al-Ud. Idan muka dawo daga masallaci, ba ya yarda ya bi ta gefenta, sai ya tsallaka titi. Na taɓa zolayarsa, na ce ai mutanen gida cewa suke duk wanda ya mutu a ƙasar nan ya dace. Ya tsaya cak a kan hanya.

Ya ce, "Riyad Makka ce? Ko Madina? Su da suke faɗin haka sun taɓa ganin yadda ake binne baƙo? Ni akwai wani gawo a bayan garinmu, nan mahaifina yake, nan uwata take, nan matata take. Akwai wuri a gefensu. Kai dai ka yi mini addu'a in kai."

A shekarar da abin ya faru, ya kusa kaiwa ɗin. Kafilinsa, wato Balaraben da ke riƙe da takardun zamansa, ya yarda ya yi masa takardar fita ta ƙarshe, ta komawa gida, da zarar sanyi ya wuce. Baba ya fara haɗa kaya. Ya sayi babban kwali, kullum yana ƙara masa wani abu: dabino, turare, hijabi na babbar 'yarsa, takalma na jikoki. Ya ɗaure da igiya, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Mutumin da ba ya yawan dariya, sai ga shi yana waƙa ƙasa-ƙasa yana shara.

Wanda bai zauna a Riyad ba yana tsammanin zafi kawai gare ta. Ina! Sanyinta mugu ne, busasshe, mai shiga ƙashi. Ruwan tankin da ke saman bene yakan kwana a waje, da asuba in ka tara hannu sai ka ji kamar an sare ka. Ga Baba da ciwon gwiwa. Saboda haka sahhan ɗin banɗakinmu ba ya hutawa a lokacin, shi kuwa ya tsufa, tsatsa ta ci gindinsa, gishirin ruwan garin nan ya cika masa ciki.

Ana cikin haka mutanen saman bene suka yi ta ƙorafin ruwa ba ya zuwa musu da ƙarfi. Mai gida ya sa aka ɗaura sabon dinamo, injin tura ruwa, babba wanda ya fi ƙarfin tsofaffin bututun gidan. Su na sama suka ji daɗi. Mu na ƙasa duk ƙarfin ya sauko kanmu. Famfo ya koma yana feshi, bututu yana kuka in an rufe shi, bawul ɗin sahhan kuwa, wanda da can sai jefi-jefi yake ɗiga, ya koma ɗis, ɗis, ɗis ba dare ba rana.

Baba ya kasa haƙuri. Ran nan na dawo aiki na tarar ya naɗe bakin bawul ɗin da robar tayar keke, tam. Na yanke robar na jefar, na zaunar da shi na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa masu gida. Na ce ruwa idan ya yi zafi kumbura yake, yana neman wuri. Tulun nan a rufe yake ruf, ba shi da mafita sai wannan ɗan bakin. Ɗigon nan ba lalacewa ba ce, numfashinsa ne. In ka toshe shi, ƙarfin zai taru a ciki, kuma sai ya fita ko ta halin ƙaƙa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Duk abin da ke yoyo, ɓatacce ne."

Na ce, "Wannan ba ɓatacce ba ne, Baba. Haka aka ƙera shi."

"To wanda ya ƙera shi bai san Allah ba."

Raina ya ɓaci, amma na danne. Na kawo bokiti na tara a ƙarƙashin bawul ɗin, na ce ga shi, ba a yi asarar ko ɗigo ba, ka yi wanki da shi, ka yi shara. Wannan ya ɗan kwantar masa da hankali. Sai dai bokitin cika yake yi da wuri, mu kuma duk muna wurin aiki. Yakan dawo da yamma ya tarar ya cika ya tumbatsa, ruwa yana bin magudana. Sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, yana girgiza kai, kamar wanda aka yi wa sata.

Bayan wannan sai wata matsalar ta biyo, wadda ta fi ta farko muni. A cikin kowane sahhan akwai abin da muke kira otomatik, shi ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da ake so. Namu ya mutu. Na gane ne da na ji tulun yana gurnani, na buɗe famfo ya tofo tururi. Na samo wani otomatik na hannu a wurin aiki na sa masa. Bai daɗe ba shi ma ya bi sahu, don cikin tulun ya riga ya lalace. Ba abin da ya rage sai a sauke shi a ɗaura sabo, a kuma sa abin rage ƙarfin ruwa a bututun ƙasa. Wannan kuwa ba hurumina ba ne, na mai gida ne.

Na sami wakilin mai gida, wani mai ƙaton tumbi da ke zuwa karɓar haya, na gaya masa. Ya ce bukra, in sha Allahu. Wato gobe. Na sake samunsa, ya ce bukra. Na kai shi har banɗakin na nuna masa tsatsar, na ce wallahi abin nan zai kashe mutum. Yana danna wayarsa ya ce kada in kuskura in sauke kayan gida ba da izini ba, sabo yana zuwa. Tir da wannan bukra! Na daɗe a ƙasar nan, ban ga kalmar da ta fi ta cin rai ba.

Sai na kafa doka a ɗakin. Duk mai son ruwan zafi ya kunna, ya je ya dafa shayi, ya dawo ya kashe, sannan ya yi wanka. Kada a bar shi a kunne. Kuma kada kowa, na faɗa ina kallon Baba, kada kowa ya taɓa bawul ɗin nan. Direba ya ce ya ji. Baba ya ce, "To, malamin famfo." Yana faɗa yana ɗaure kwalinsa.

A makon ne kamfani ya tura mu Shifa, can kudancin gari, wani sabon gini da ake gaggawar miƙawa. A can muke kwana, ba dawowa sai Juma'a. Ranar Juma'ar da hantsi ina haɗa kayana sai wayata ta yi ƙara. Baba ne, muryarsa fes.

"Ɗana, ka taho da wuri, na dafa shinkafa da wake. Kuma albishirinka."

Na ce, "Goro."

"Bokitinka ya huta. Na yi maganin ɗan banzan nan tun shekaranjiya. Ko ɗigo!"

Na ce, "Baba, me ka yi masa?"

Ya yi dariya. Ya ce ya gane roba ba ta riƙe shi, shi ya sa ya sami ƙusa mai zare daidai bakin, ya murɗa ta ciki, ya sayo gam ɗin ƙarfe a Batha ya shafe kan, ya bar shi ya bushe. Yana faɗa yana jin daɗi, irin na mai sana'a da ya yi aiki mai kyau.

Na ce, "Yana kunne yanzu?"

"Tun da na dawo asuba. Yau Juma'a, ina son ruwa mai zafi sosai, gwiwoyin nan sun dame ni."

Ban san sanda na fara ihu ba, har leburorin da ke kusa suka juyo. Na ce, "Baba, don girman Allah kada ka shiga banɗakin nan! Ka fita zaure, akwatin wuta yana bayan ƙofa, ka sauke babban makunnin, ka fita waje ka jira ni. Ka ji ni? Kada ka shiga!"

Ya ce, "Haba, ɗana. Liƙina bai taɓa buɗewa ba."

"Shi ne abin tsoron, Baba!"

"To, to, na ji. Bari in watsa ruwa in kashe." Ya katse wayar.

Na sake kira, ba a ɗauka ba. Na kira direba, ashe yana kan hanyar wani gari da kaya. Ban da lambar kowa a benen sai ta wakili, ita kuma tana ta ƙara ba amsa. Na fita da gudu na tare tasi. Ranar Juma'a da safe titunan Riyad fayau suke, amma wallahi ban taɓa ganin nisan Shifa irin na ranar ba. Ina ta kiran wayar Baba, ina salati, ina zaginsa a zuci. Eh, zaginsa nake yi, tsoho mai taurin kai, kurma da gangan, har hawaye ya zo mini.

Tun daga bakin layinmu na ga mutane. Ruwa ya fito ta ƙarƙashin ƙofar bene ya jiƙa matakala, yana gangarawa kwalta. Motar asibiti ta riga ta tafi da shi. Na kutsa ciki. Ƙofar banɗaki ta ɓalle tana kwance a ɗakinmu, rabin bangon da sahhan yake rataye ya zube, tulun kansa yana can gefe a yage tun daga gindi. Wurin yana ta warin tsatsa da jiƙaƙƙen siminti. Tukunyar shinkafa da wake tana nan a kan risho a rufe, ba abin da ya same ta. Wani maƙwabci ya ce sun ji ƙara har gilashin tagoginsu ya girgiza, da suka shigo suka tarar da shi a ƙasa da zanen wanka a ƙugu.

A cikin ɓaraguzan na tsinci bawul ɗin, na sa a aljihu.

Ruwan ya dafa masa baya da ƙirji da cinyoyi, bulo kuma ya karya masa kafaɗa. A asibiti sun naɗe shi da farin bandeji, fuska kawai ake gani, ita ma ta kumbura. Ana barina in shiga na ɗan lokaci da yamma, sanye da riga da abin rufe baki. Yawanci ba ya cikin hayyacinsa. Na yi niyyar in ya farfaɗo sai na wanke shi tas, amma da na ga ƙafafunsa sun leƙo daga mayafi, sirara, da kaushin shekaru a dugadugai, sai na ja mayafin na rufe masa su.

Wata yamma ya buɗe ido ya gane ni. Ya motsa baki, na sunkuya.

"Ɗana, ka gaya musu su sa ni a jirgi. Ko a haka."

Na je na sami likitan, na haɗa Larabcina na wurin aiki na roƙe shi. Mutumin kirki ne, bai yi mini tsawa ba. Ya ce wannan ko daga gadon nan zuwa bakin ƙofa ba zai kai ba. Na dawo na ce wa Baba sun ce sai ya ɗan ƙara samun ƙarfi. Ya dube ni, ya san abin da hakan ke nufi. Har na ɗauka ya koma barci. Can sai ya ce,

"Liƙin ne ya buɗe?"

Na ciro bawul ɗin daga aljihu na kai masa kusa da ido. Ƙusar tana nan daram, gam ɗin ko tsagewa bai yi ba.

Na ce, "A'a, Baba. Liƙinka bai buɗe ba. Tulun ne ya yage."

Ya lumshe ido, ya ce, "Na gaya maka."

Bai sake magana da ni ba. Ya rasu kafin wata Juma'ar ta zagayo.

Na yi iya ƙoƙarina a kan gawar, ni da 'yan garinsu da ke Batha. Muka je wurin kafili, ya yi ta'aziyya, ya ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ɗaukar gawa zuwa wata ƙasa dogon aiki ne, kuma ƙasa duk ta Allah ce. Muka bi ofisoshi, nan a ce a kawo wannan takarda, can a ce ba yau ba. Baba yana kwance a firjin asibiti, sanyin da yake jira ya wuce har ya wuce. Daga ƙarshe babbar 'yarsa ta kira ni tana kuka, ta ce kawunnanta sun yanke shawara a daina wahalar da shi, a binne shi a nan.

Ba ma a Al-Ud aka sa shi ba. Wata maƙabarta ce a can bayan gari, fili fetal, ba itace ko ɗaya, kaburbura a jere duk iri ɗaya, kowanne da ɗan dutse a kai ba rubutu. Mu 'yan kaɗan ne a wurin. A ranar ce wakili ya sa aka ɗaura sabon sahhan a banɗakinmu, fari tas, har da ledarsa. Kwalin Baba kuwa na kai shi wurin masu aika kaya, da ɗaurinsa yadda ya bar shi, ya isa ƙauyensu lafiya lau.

Mutanen gida suka yi ta kirana suna cewa Baba ya dace, ya kwanta a ƙasa mai tsarki. Ina amsawa da amin, ina jin kamar in buga wayar da bango. 'Yarsa ce kawai ba ta faɗi haka ba. Da kwalin ya isa ta kira ni.

Ta ce, "Malam, akwai inuwa a wurin?"

Na ce babu.

Ta ce, "To don Allah in ka je, ka yayyafa masa ruwa. Mu nan haka muke yi wa su Inna."

Ranar Juma'a da la'asar na cika babbar jarka, na ɗauki tasi na tafi. Na tarar an ƙara sababbin layuka, sai da na yi ta kai da kawo kafin na tsaya a kan wanda nake zaton shi ne. Ƙasar ta bushe ta tsattsage. Na yi masa addu'a, na buɗe jarkar na fara yayyafawa da hannu, kaɗan-kaɗan, yadda ake yi. Can sai na ɗaga jarkar na juye ta duka, ruwan yana kwarara yana bin gefen kabarin, ƙasa tana shanyewa, ban rage ko ɗigo ba. Na tsaya da jarka a hannu ina jiran Baba ya yi mini faɗa, har mai tasi ya gaji ya danna ham.